Hostal ɗin jami'a: gado ne kawai ya yi kaɗan, ko zanen ginin ne bai san ɗalibin yau ba?

Duk lokacin da aka buɗe fotal ɗin neman hostal a manyan jami'o'inmu sai ka ga Facebook ya cika da ƙorafi, wannan ya kwana yana danna waya netwok ya ƙi, wancan ya samu shiga ya tarar gado ya ƙare, can kuma ga wani yana tallan nasa gadon a ninkin-ba-ninkin abin da makaranta ta karɓa. Daga nan sai kowa ya yanke hukunci iri ɗaya, wai a ƙara gina hostal kawai shi kenan. To abin tambaya shi ne, in aka ƙaro irin wanda muke da shi yanzu, da zane iri ɗaya, wahalar za ta tafi? Ko kuwa akwai abin da ya karkace tun a kan takarda kafin a ɗora bulo na farko?

Ƙarancin gado dai gaskiya ne, ba mai musu. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Mahmud Yakubu don ya duba halin da jami'o'in gwamnati suke ciki ya gano cewa kusan ɗalibi ɗaya ne cikin goma ke da gado a cikin makaranta. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne shi wannan ɗayan da ya samu, a wane irin ɗaki yake kwana, kuma me ya sa ginin da aka kashe wa maƙudan kuɗi ba ya ɗaukar shekaru kaɗan sai ka ga bango ya jiƙe, banɗaki ya toshe, soket ya ƙone.

Me ake nufi da zanen hostal?

Da yawa in an ce zanen gini abin da ke zuwa musu a rai fenti ne da tayil da yadda gaban ginin zai yi kyau a hoto. Ba nan gizo ke saƙar ba. Zane shi ne inda ake yanke shawarar ina ginin zai kalla, mutum nawa za su kwana a ɗaki, taga nawa kuma a wane bango, banɗaki nawa ga mutum nawa, a ina za a yi girki, a ina za a yi wanki da shanya, ta ina za a fita in wuta ta tashi cikin dare. Akitek ne ke zana wannan bisa abin da mai aiki ya ce yana so da kuma kuɗin da ya ware, injiniya ya lissafa rodi da siminti da wayarin da fayif, sannan ɗan kwangila ya gina. Mu kuwa komai ya lalace ɗan kwangila muke zagi, kuma sau da yawa ya ci zagin, amma in tun a takarda an rubuta banɗaki huɗu ga bene guda to ko waliyyi ne ya karɓi kwangilar huɗun zai gina. Tun ran gini tun ran zane.

Wa aka zana wa ginin tun farko?

Tsarin kwanan ɗalibai a jami'o'in Najeriya daga Ibadan ya faro. An buɗe kwalejin jami'a a can a 1948, wasu Turawan Ingila biyu miji da mata, Maxwell Fry da Jane Drew, su suka zana manyan gine-ginenta har da zaurukan kwana na farko irin su Mellanby da Tedder. Sun kwaikwayi tsarin tsoffin jami'o'in Ingila ne, inda zauren kwana yake da ɗakin cin abincinsa da wajen hutawa da malamin da ke kula da shi. Ɗalibin wancan lokacin ba ya girki, ba ya ɗiban ruwa, akwai ma'aikatan da ke masa wanki da gyaran ɗaki, shi nasa karatu ne kawai.

Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ta gaji wannan tunanin, ta kuma gaji gine-ginen kwalejin da ke Samaru tun kafin ta. Sulaiman, Akenzua, Danfodiyo, Ramat, Amina, Ribadu, Alex, duk wanda ya yi Samaru ya san sunayen zaurukan kwanan nan. Kuma a nan Zariyar ne aka raini makarantar koyon zanen gini ta farko a Najeriya, don haka ba wai ba mu da masu ilimin ba ne. Tsoffin zaurukan wancan zamani a jami'o'inmu na farko in ka lura da kyau za ka ga an yi su da tunani, ga baranda mai faɗi, ga bango mai huji-huji da iska ke ratsawa, ga fili da bishiyoyi a tsakanin bulok da bulok. Sai dai an zana su ne don ɗalibi ɗaya ko biyu a ɗaki, wanda ake dafa wa abinci, famfo kuma yana zuba dare da rana. Wannan ɗalibin ya daɗe da ɓacewa, ginin ne ya rage.

Ranar da aka rufe kafteriya, kicin ya koma ɗaki

In za a nemi abu guda da ya fi canja rayuwar hostal a ƙasar nan ni zan ce abinci ne. Rikicin ɗalibai da aka yi wa laƙabi da Ali Mos Go a 1978 ma ai kan ƙarin kuɗin abinci da na kwana ya taso, har aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. Zuwa 1984 gwamnatin soja ta janye tallafin ciyar da ɗalibai gaba ɗaya. An soke abincin a takarda, amma ba wanda ya koma ya ce to yanzu dubban yaran nan a ina za su dafa. Sai risho ya shigo ɗaki, daga baya hot filet da hita, yanzu kuma ƙaramar tukunyar gas.

Ka leƙa ɗakin da aka zana wa mutum biyu yau mutum takwas ke ciki, huɗu ko shida masu gado sauran 'yan sikwatin, wato masu raɓewa ba su da gado. Gadajen ƙarfe masu hawa biyu sun tare taga rabi, ƙarƙashin kowane gado akwai bokiti da jarka da ɗan buhun shinkafa da galan ɗin manja, an ɗaura igiya daga ƙarfen taga zuwa ƙusar jikin loka an shanya kaya, a bakin ƙofa wani ya tsuguna yana soya albasa hayaƙin yana komowa ciki, soket ɗaya tak ya rage mai aiki an jona masa doguwar waya mai baki shida, waya biyar da laftof da hita duk a kanta, in ka taɓa robar za ka ji ta yi ɗumi. Wayarin da aka sa don ƙwan fitila da fanka da rediyo shi ake sa wa hita. Ruwan wanke-wanke da guntun tuwo da mai kuma ba su da wajen zuwa sai kwatar baranda ko masai, a hankali fayif ya toshe, ruwa ya fara bin bango.

Hukumar makaranta takan fito da doka ta ce an hana girki a ɗaki, a bi ana ƙwace hot filet. Na fahimci tsoronsu, gobara ba wasa ba ce. Amma yaron da aka turo da garin kwaki da wake da taliya daga gida don ba a da kuɗin da zai riƙa sayen abinci sau uku, ka ce kada ya dafa, me zai ci? Dokar da ta yi faɗa da yunwa ba ta taɓa cin nasara, sai dai ta sa a riƙa ɓoye risho a cikin loka, wanda ya fi hatsari.

Wasu sababbin hostal suna sa kicin, amma sai a yi guda ɗaya a can ƙarshen bene don mutum ɗari ko fiye, ba loka mai makulli, ba famfo mai zuba, to wa zai bar tukunyarsa a can ya koma ɗaki ɗauko gishiri? A birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak akwai wani hostal mai suna Tietgen da aka gama a 2006, zagayayye ne da fili a tsakiya, ɗaki 360, kuma kowane ɗakuna 12 suna da kicin ɗinsu. Ba kuɗinsu nake so mu kwaikwaya ba don ba mu da shi, lissafin nake so a gani: in masu amfani da wuri kaɗan ne kuma sun san juna, suna kula da shi, in na kowa da kowa ne ya zama na babu kowa.

Rana, iska da taga

Zafin ɗakin hostal a watan Maris da Afrilu ba ƙaddara ba ce zalla, akwai hannun mai zane a ciki. A yankinmu ranar yamma ita ce mugunya, duk bangon da ya kalli yamma yana shan zafi tun daga azahar har magariba, bulon siminti ya riƙe, da dare ya sako wa masu ɗaki. Shi ya sa ƙa'idar da ake koya wa ɗaliban zanen gini tun da wuri ita ce dogon gefen gini, inda tagogi suke, ya kalli kudu da arewa, gajeren gefen ya kalli gabas da yamma, a nan sai a sa matakala ko banɗaki su tare rana. Wannan ko sisi ba ya ƙarawa a kuɗin gini, juya takarda ne kawai. Amma sau nawa ake jera bulok yadda zai kalli titi don ya fito a hoton ranar buɗewa?

Sai maganar korido. Akwai zanen da ɗakuna ke layi ɗaya da baranda a gaba, kowane ɗaki yana da taga gaba da baya, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Akwai kuma wanda ake jera ɗakuna hagu da dama da lungu a tsakiya, wannan ya fi arha don yana ba da ɗakuna da yawa a ƙaramin fili, shi ya sa masu gina hostal na haya suka fi son shi. Amma kowane ɗaki taga ɗaya gare shi, lungun kuma duhu ne ko da rana tsaka, in Nepa ta ɗauke fanka ta tsaya to sai a fito da katifa waje. An zana shi ne bisa zaton wuta ba ta yankewa. Kuma kada a manta muna cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓulla lokacin zafi, cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa shi ne abin da likitoci ke gargaɗi a kai kullum, haka tarin fuka.

Har a Amurka an yi wannan rigimar. Wani attajiri Charlie Munger ya yi alƙawarin dala miliyan 200 ga jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara da sharaɗin a bi zanensa, ginin da zai ɗauki ɗalibai kusan 4,500 amma fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗakunan ba taga. Wani akitek da ke kwamitin duba zane ya ajiye aikinsa a 2021 saboda haka, aka yi ta surutu har jami'ar ta watsar da zanen. Can da wutarsu ba ta ɗaukewa ma sun ƙi yarda.

Amma fa kada a ɗauko zanen Ibadan a dasa a Sakkwato ko Maiduguri a ce an yi daidai. Kudu damshi ne matsalarsu, suna son iska ta ratsa ko'ina. Mu muna da zafi mai ƙuna, sannan ga hunturu da ƙura daga arewa maso gabas, wanda ya kwana a ɗakin da gilasan lubas suka farfashe a watan Janairu ya san abin da nake faɗa, sai a toshe taga da kwali da leda, in zafi ya dawo kuma ba mai cirewa. Magina na gargajiya sun san wannan tun tuni, shi ya sa soron ƙasa yake da kaurin bango da ƙananan tagogi, rayuwa kuma a tsakar gida ake yin ta ƙarƙashin inuwa. Ba cewa nake a koma ginin tubali hawa uku ba. Amma a Nijar Mariam Issoufou ta yi gine-gine na zamani da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, a Yamai da kuma garin Dandaji, Francis Kéré na Burkina Faso da ya ci babbar kyautar masu zanen gini ta duniya a 2022 ya yi suna ne da makarantun da ake ɗaga rufin kwano sama da silin don zafi ya samu hanyar fita. Jan ƙasar nan muna da ita har ta yi yawa.

Banɗaki shi ke fara mutuwa

Kowane hostal daga banɗaki yake fara lalacewa. Dalili kuwa a fili yake, an sa masai na zama mai tankin ruwa a bene na uku alhali ruwan ba ya hawa, ɗalibi da bokiti zai hau da shi, to ba zai zuba abin da zai wadatar ba. Sokawe kuma an haƙa shi daidai mutanen da ke takarda ne ba mutanen da ke kwana ba. Masai na tsuguno ya fi jure jama'a, ya fi sauƙin wankewa, kuma shi yawancin yaranmu suka saba da shi. Fayif in an bi da shi ta bayan gini inda mai gyara zai kai hannu ya fi a binne shi a bango, don ran da ya fashe sai an fasa ginin.

Sannan alwala. Ɗaruruwan ɗalibai Musulmi za su yi alwala sau biyar a rana, amma da wuya ka ga an ware mata wuri a zane, sai a riƙa yi a bakin baranda da buta, ruwa na gangarowa kan na ƙasa. Dakali ne fa kawai da famfuna da kwata mai kyau a kowane bene. A ɓangaren mata kuma ga buƙatar wajen wanki da shanya da ba a hangowa daga waje, da wajen zubar da audugar mata, wanda rashinsa na cikin abin da ke toshe masai.

Baglari: tsaro ko tarko?

Nan ne masu zane ke shiga tsaka mai wuya, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Iyaye suna son katanga da ƙarfe a kowace taga da get ɗaya da ake kullewa da dare, musamman a hostal ɗin mata, kuma ba wanda zai ga laifinsu a halin da ake ciki. Amma ginin da ɓarawo ba zai iya shiga ba, in ba a yi hattara ba shi ne wanda ɗalibi ba zai iya fita ba. A Kenya a 2001 ɗalibai 67 suka mutu a gobarar ɗakin kwanan makarantar sakandaren Kyanguli, tagogi duk ƙarfe, ƙofa ɗaya a kulle. Dogon bene yana buƙatar matakala biyu aƙalla, ɗaya a kowane ƙarshe, da ƙofar da ke buɗewa waje wadda za a iya turawa daga ciki ba sai an nemo mai gadi da makulli ba. Sau da yawa matakala ta biyun tana nan, amma an sa mata kwaɗo an tara karyayyun gadaje a gabanta.

Hanyar da ke tsakanin hostal da aji ita ma cikin zane take. A watan Agustan 2019 wata gadar ƙafa ta karye da ɗalibai bayan ruwan sama a harabar Gubi ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, aka rasa rayuka. Yaran da ke karatun dare sai sun dawo ɗaki, ta ina za su bi, akwai fitila, akwai kwata, duk tambayoyin mai zane ne.

Masu cewa a yi da yawa da masu cewa a yi mai kyau

Hujjar ɓangaren farko tana da ƙarfi. Suna cewa tara cikin goma suna waje, na Samaru suna Hayin Dogo da Danraka, na Jami'ar Bayero ta Kano suna Danbare da Rimin Gata da Ɗorayi, suna biyan haya mai tsada ga kuɗin mota, ga rashin tsaro. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a Satumban 2023 a gidajen haya na Sabon Gida aka same su, haka na Dutsinma bayan 'yan makonni. Don haka ko wane irin ɗaki ne in dai cikin katangar makaranta yake ya fi. Gidauniyar Dangote da ta gina wa Jami'ar Ahmadu Bello bulok 10 a 2019, ɗaki 360 na ɗalibai 2,160, ka ga mutum shida kenan a ɗaki tun a lissafi, wato an karɓi gaskiyar cewa zamanin mutum biyu ya wuce.

Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa gini mai arha shi ya fi tsada, don bayan 'yan shekaru sai an sake ba da kwangilar gyara. Ga kuma matsalar kuɗin kula da gini, an yi shekaru da yawa kuɗin gado a jami'o'in tarayya yana naira 90, kuɗin da ko ƙwan fitila ba zai saya ba, gine-ginen suka yi ta ruɓewa. Wannan ne ya kawo tsarin da ɗan kasuwa zai gina a filin makaranta ya karɓi haya na wasu shekaru sannan ya miƙa wa jami'a. Irin waɗannan sukan zo da banɗaki a cikin ɗaki da mutum biyu zuwa huɗu, amma kuɗinsu ɗan mai ƙaramin ƙarfi ba ya iyawa, sai a wayi gari makaranta ɗaya unguwa biyu, ta masu hali da ta sauran.

Ni a ganina an haɗa abu biyu da ba su da alaƙa. Abin da ke sa hostal tsada shi ne tayil mai sheƙi da gilashi da banɗaki a kowane ɗaki. Abin da ke sa shi daɗin zama kuwa, wato juya shi ya bar ranar yamma, taga biyu masu kallon juna, baranda, kicin da banɗaki ga kowane rukunin ɗakuna kaɗan, soket a kan kowane gado da wayarin da zai ɗauka, tanki da sola a kan bohol, bishiyar darbejiya a fili, yawancinsu tunani suke ci fiye da kuɗi. Ɗakin mutum shida ba laifi ba ne in an zana shi don shidan, da faɗinsa da lokokinsa shida da iskar da za ta ishe su.

Wa abin ya fi shafa?

Ɗan talaka ne, don shi ba shi da zaɓin kama ɗaki a waje. Sai ɗaliba mace da iyayenta suka ce in ba a cikin makaranta za ta kwana ba to ta haƙura da karatun, wannan yana faruwa a gidaje da yawa a arewa kuma ba ya shiga kowane lissafi. Sai matar aure mai goyo da ba a tanadar mata ko'ina ba. Sai ɗalibi mai keken guragu da za a ba gado a hawa na biyu, ko a ba shi a ƙasa amma ƙofar banɗakin kekensa ba ya shiga, sai abokai sun ɗauke shi, alhali dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019 ta wajabta gyara gine-ginen gwamnati yadda za su iya shiga.

Kusan duk jami'ar da ke da sashen zanen gini tana da ɗaliban da a hostal ɗin suke kwana, sun san wane ɗaki ne ba ya kwantuwa a Afrilu, sun san ƙarfe nawa layin banɗaki ke farawa. Kafin TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ko wani mai kuɗi ya sa hannu a kan sabon zane, ya kamata a baje takardar a gaban su da ƙungiyar ɗalibai da masu shara da masu gyaran famfo na makarantar, a tambaye su mutum nawa za su kwana a ɗakin nan da gaske, a lissafa masai da famfo da soket a kan wannan adadin.